Mil Uku Cikin Teku: Yadda Jihohin Amurka Suka Ja da Gwamnatin Tarayya

Teku ba ya zama wuri ɗaya. A yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu a yini yakan cika ya hau tudu, sannan ya janye ya bar laka da yashi a fili. Wanda ya san fadamar da kogi ke cinyewa da damina ya saki da rani, ya san irin gardamar da ƙasa mai wannan hali ke haifarwa, sai dai ta bakin teku ba ta jiran damina. Don haka masu shari'a suka kasa ƙasar gaɓa gida uku: tudun da ruwa ba ya kaiwa, da tsirin da ruwa ke rufewa yana buɗewa, da kuma ƙasar da ke can gaba, wadda ko ruwa ya janye iyakar janyewarsa ba a ganinta. A kan wannan ta uku ce Amurka ta yi ɗaya daga cikin manyan rigingimunta na tsarin tarayya, rigimar da ta ci kujerar minista, ta raba jam'iyya mai mulki, ta kuma shiga akwatin zaɓen shugaban ƙasa a 1952.

A dokar Ingila, wadda Amurkawa suka gada, ƙasar da ruwan teku ke rufewa ta sarki ce, amma riƙon amana yake yi mata domin talakawa su yi su, jirage su wuce. Da Amurkawa suka tuɓe rawanin sarkin Ingila daga kansu, sai tambaya ta taso: wa ya gaji wannan amana? Kotun Ƙoli ta amsa a 1842, a wata ƙara da aka yi kan wuraren kamun kawa a jihar New Jersey. Babban Joji Roger Taney ya ce da juyin juya hali ya tabbata, mutanen kowace jiha ne suka zama masu iko da ruwayen da jirgi ke bi da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Bayan shekara uku aka kawo wata daga garin Mobile na jihar Alabama, tsakanin magadan wani Pollard da wani Hagan, kan fili a bakin ruwa wanda majalisar tarayya ta ba da kyauta. Kotu ta ce kyautar ba ta yi ba, domin tun ranar da Alabama ta zama jiha a 1819 filin ya fita daga hannun tarayya. Dalilin da ta kafa shi ne duk jihar da ta shigo daga baya, kafaɗa da kafaɗa take da jihohi 13 na asali, abin da suke da shi ita ma tana da shi. A riƙe wannan ƙa'ida ta daidaito, domin bayan shekara ɗari da biyar za a juya ta a sare wata jiha da ita.

Daga nan kowa ya kwanta da sanin cewa magana ta ƙare. Jihohi suka yi ta ba da izinin gina tashoshin jiragen ruwa, suna cike gaɓa da ƙasa suna sayar da filaye, suna karɓar haraji daga masunta. Da yawa sun rubuta a dokokinsu cewa iyakarsu ta kutsa mil uku cikin teku. Shi wannan mil uku, Thomas Jefferson ne ya fara shelanta shi da sunan Amurka a 1793, lokacin yana sakataren harkokin waje, don jiragen yaƙin Ingila da na Faransa su san inda za su tsaya da faɗansu. Ana ɗaukarsa kusan iyakar nisan da harsashin igwa ke kaiwa daga tudu. Babu wanda ya damu ya tambaya ko ƙasan wannan ruwa mallakar wane ne, don ba a san akwai abin da ya wuce kifi da kawa a wurin ba.

Sai man fetur ya ɓullo. Wajen 1896, a wani ƙauye mai suna Summerland kusa da Santa Barbara a Kalifoniya, masu haƙar mai suka lura cewa rijiyar da ta fi kusa da ruwa ita ta fi ba da mai. Sai suka riƙa kafa gadoji na katako suna shiga da su cikin teku, suna haƙa daga kansu. A 1921 Kalifoniya ta yi dokar ba da hayar waɗannan wurare, kuɗin haya da kason gwamnati suna shiga baitulmalin jiha. A Huntington Beach wasu ma ba su tsaya neman izini ba: daga tudu suke kafa injin, su karkatar da bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga ƙasan teku ya zuƙo. Da aka gano babban filin mai na Wilmington a yankin Long Beach cikin shekarun 1930, kowa ya gane dukiyar da ke kwance a wurin ta wuce wasa.

Waɗanda ba su sami haya daga jiha ba suka nemi wata ƙofa. Suka riƙa kai takarda Washinton, suna roƙon ma'aikatar da ke kula da filayen tarayya ta ba su izini a ƙarƙashin dokar haƙar ma'adinai ta 1920. Ministan wannan ma'aikata a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt shi ne Harold Ickes, mutum mai kaifin harshe wanda ba ya jin kunyar rigima. A 1933 ya mayar wa ɗaya daga cikin masu neman da amsa a rubuce, cewa shari'a ta riga ta tabbatar ƙasar da ke ƙarƙashin ruwa cikin mil uku ta jiha ce, tarayya ba ta da abin bayarwa. Ba a yi shekara biyar ba ya sake ra'ayi. Rundunar sojan ruwa na son a adana mata mai, shi kuma Ickes yana ganin jihohi da kamfanoni suna yi wa dukiyar ɗibar karan mahaukaciya. Ya daina ƙin takardun, ya riƙa ajiye su, yana cewa sai kotu ta raba gardama. Wasiƙar 1933 kuwa ta zame masa ƙarfen ƙafa, lauyoyin jihohi suka yi shekaru suna karanta masa ita.

Yaƙin Duniya na Biyu ya jinkirta komai, kuma ya koya wa gwamnati darajar gangar mai. Ranar 28 ga Satumba 1945 Shugaba Harry Truman ya yi shelar da ta sauya dokar teku a duniya baki ɗaya: ya ce albarkatun da ke cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan da ke gangarawa a hankali daga gaɓa kafin a faɗa babban zurfi, duk suna ƙarƙashin ikon Amurka. Da ƙasashen waje yake magana a wannan shela, amma jihohi sun ji a jikinsu. Cikin watan Oktoba babban lauyan gwamnati, Tom Clark, wanda shi kansa ɗan Tekzas ne, ya shigar da ƙarar Kalifoniya kai tsaye a Kotun Ƙoli.

Kafin a zauna shari'ar sai da aka yi abin kunya a bainar jama'a. A farkon 1946 Truman ya zaɓi Edwin Pauley, attajirin mai daga Kalifoniya kuma tsohon ma'ajin jam'iyyar Dimokurat, ya zama mataimakin ministan sojan ruwa. Da kwamitin Majalisar Dattawa ya kira Ickes ya ba da shaida, sai ya ce Pauley ya taɓa gaya masa cewa masu mai za su iya tara wa jam'iyya dala 300,000 in gwamnati ta bar maganar ƙara. Pauley ya musanta. Truman ya ce wa 'yan jarida mai yiwuwa Ickes kuskure ya yi. Ickes ya ajiye aiki a watan Fabrairu bayan shekara 13 a kan kujera, Pauley kuma ya janye a watan Maris. A wannan shekara majalisa ta zartar da ƙudirin sakar wa jihohi ƙasar, Truman ya hau kujerar na-ƙi, ya ce abin da ke gaban alƙali ba a yanke shi a majalisa.

Hukunci ya fito ranar 23 ga Yuni 1947, alƙalai shida suka rinjayi biyu, Mai Shari'a Hugo Black ya rubuta. Bai rushe tsofaffin hukunce-hukuncen ba. Ya ce na New Jersey da na Alabama sun shafi koguna da mashigai da tsirin da ruwa ke rufewa yana buɗewa, kuma waɗannan har gobe na jihohi ne. Amma daga inda ruwa ke tsayawa in ya janye zuwa gaba, wani sha'ani ne dabam. A cewarsa jihohi 13 na asali ba su taɓa mallakar mil ukun ba, gwamnatin ƙasa ce ta kafa shi ta kuma tsare shi, kuma a nan ne ake yaƙi, a nan ake ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje. Saboda haka haƙƙin tarayya ne a sama, har da iko kan man da ke ƙasa. Game da wasiƙar Ickes da ire-irenta, Black ya ce sakacin ma'aikaci ba ya zubar da haƙƙin al'umma.

Mai Shari'a Felix Frankfurter, ɗaya daga cikin biyun da suka saɓa, ya sa yatsa a inda hukuncin ke da rauni. Ya ce iko daban, mallaka daban. Gwamnatin tarayya na da ikon tsare kowane taƙi na ƙasar Amurka, amma wannan bai mai da gonar kowa tata ba, kuma man da ke ƙarƙashin teku bai fi ma'adinin da ke tudu muhimmanci ga tsaro ba. A ganina Frankfurter ya fi gaskiya a nan. Ita ma kotun kamar ta san haka, domin da aka zo rubuta umarnin ƙarshe ba ta yarda ta kira tarayya mai mallaka ba, iyaka ta ce haƙƙinta ne ke gaba. An karɓe daga hannun jiha, ba a fito fili an ce ga mai shi ba.

Watanni kaɗan bayan haka, a Nuwamba 1947, kamfanin Kerr-McGee ya samu mai a Mashigin Meksiko, kimanin mil goma daga gaɓar Luwisiyana, inda ba a hango tudu. Wannan rijiya ta nuna inda harkar ta dosa, sai dai 'yan siyasa kaɗan ne suka karanta alamar. Idanunsu na kan mil uku.

Yanzu saura Luwisiyana da Tekzas. Luwisiyana tun 1938 ta yi dokar da ta miƙa iyakarta mil 27 cikin teku, ba tare da wata hujja ta tarihi mai ƙarfi ba. Masu tarihin jihar suna ba da labarin cewa a ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Truman ta yi mata tayin sulhu: kashi biyu cikin uku na kuɗin da ke fitowa cikin mil uku, da kashi 37.5 cikin ɗari na abin da ke gaba da nan. Gwamna Earl Long ya so karɓa. Amma Leander Perez, uban siyasar gundumar Plaquemines da ke bakin Kogin Misisipi, wanda yake da hannu dumu-dumu a harkar hayar filayen mai, ya matsa sai dai a ba su duka. Aka ƙi tayin, aka tafi kotu.

Tekzas kuwa tana da magana ta gaske, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Ba kamar sauran jihohi ba, ta yi zaman ƙasa mai cin gashin kanta daga 1836, lokacin da ta ɓalle daga Meksiko, zuwa 1845. A Disamba 1836 majalisarta ta zana iyakokin ƙasar, ta ce ta ɓangaren teku iyakar na nisan lig uku daga tudu, wato mil tara na ma'aunin teku, kusan kilomita 17. A 1844 aka tsara yarjejeniyar da za ta sa Amurka ta karɓi filayen Tekzas ta biya mata basussukanta, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ita. Da aka sake zama a 1845 sai aka juya sharaɗin: Tekzas ta riƙe bashinta, ta kuma riƙe filayenta da ba kowa a kai. Har yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yaƙin Amurka da Meksiko a 1848 ta fara zana iyakar ƙasashen biyu ne daga lig uku cikin teku. Bugu da ƙari, kuɗin da Tekzas ke samu daga hayar ƙasan teku asusun makarantun gwamnati yake shiga, don haka kowane malami da kowane uba a jihar ya ɗauki rigimar tasa ce.

Ranar 5 ga Yuni 1950 kotu ta kayar da jihohin biyu. A ƙarar Tekzas alƙalai huɗu ne suka rinjayi uku, biyu ba su zauna ba, ɗayansu Tom Clark, wanda a lokacin ya riga ya zama alƙalin kotun. Mai Shari'a William Douglas ya ce ko da an yarda Tekzas ta mallaki wannan ƙasa lokacin tana jamhuriya, ranar da ta shigo tarayya kafaɗa da kafaɗa da sauran jihohi ta ajiye ta a bakin ƙofa. Ƙa'idar da ta ba Alabama a 1845 ita ce ta ƙwace wa Tekzas a 1950. Babban lauyan jihar, Price Daniel, ya roƙi a ba shi dama ya gabatar da takardun tarihi da shaidar masana, kotu ta ce babu buƙata. Mutanen Tekzas ba su ɗauki wannan a matsayin faɗuwa a shari'a ba, cin amana suka kira shi.

Da ƙofar kotu ta rufe, sai jihohi suka koma majalisa, kuma a nan suka nuna gwaninta. Jiha uku ce ke da man teku a lokacin, ƙuri'unsu ba su isa komai ba. Sai suka shawo kan jihohin da ko ƙamshin teku ba sa ji, da cewa in an bar wannan hujja ta tsaro ta tsaya, gobe tarayya za ta miƙa hannu kan tafkuna da koguna da tashoshin jirage. Gwamnati ta sha nanata cewa ba ta da wannan niyya, amma tsoron ya riga ya shiga. A 1952 majalisa ta sake zartar da ƙudirin, Truman ya sake hawa kujerar na-ƙi a ƙarshen Mayu, bayan ya kira abin fashi da rana tsaka. Hujjarsa ita ce dukiyar jihohi 48 ce ake son miƙa wa uku.

Shekarar zaɓe ce. Gwamnan Tekzas Allan Shivers, ɗan Dimokurat, ya yi tattaki har jihar Illinois wurin ɗan takarar jam'iyyarsa, Adlai Stevenson, ya tambaye shi matsayinsa. Stevenson bai yi masa kwana-kwana ba, ya ce yana tare da hukuncin kotu, sai dai a yi sulhu kan rabon kuɗi. Shivers ya dawo gida ya ce ba zai zaɓe shi ba. Janar Dwight Eisenhower na Rifablikan, wanda a Tekzas aka haife shi, ya riga ya yi alkawarin sa hannu. Gwamna da manyan jam'iyyarsa suka fito suna yi wa ɗan takarar abokan hamayya kamfe, Eisenhower ya ci zaɓe, Tekzas ma ta faɗa hannun Rifablikan, abin da tun bayan zamanin yaƙin basasa sau ɗaya tak ya taɓa faruwa, a 1928. Price Daniel ya ci kujerar sanata. Truman bai tafi shiru ba: kwana huɗu kafin ya sauka, ranar 16 ga Janairu 1953, ya ba da umarnin keɓe man ƙasan teku domin rundunar sojan ruwa. Umarnin bai yi tsawon rai ba.

A Majalisar Dattawa an yi makonni ana fafatawa. Sanata Lister Hill na Alabama ya kawo shawarar a bar ƙasar a hannun tarayya a zuba kuɗin cikin ilimin yaran ƙasar duka, aka kayar da ita. Wayne Morse na Oregon, wanda ya fice daga Rifablikan ya zama ɗan ba-ruwana, ya miƙe a watan Afrilu ya yi awa 22 da minti 26 yana magana don ya hana a kaɗa ƙuri'a, jawabin da ba a taɓa yin mai tsawonsa a zauren ba kafin lokacin. Duk da haka ƙudirin ya wuce. Ranar 22 ga Mayu 1953 Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta ba kowace jihar gaɓa mil uku, ta tabbatar wa kowa kogunansa da tafkunansa, ta kuma bar wa jihohin Mashigin Meksiko damar neman har lig uku in sun iya nuna cewa da wannan iyaka suka shigo tarayya, ko majalisa ta taɓa amince musu da ita.

Aka yi ta murna a Austin da Baton Rouge, hedikwatocin Tekzas da Luwisiyana. Amma ranar 7 ga Agusta na wannan shekara shugaban ya sa hannu a wata doka ta biyu wadda ba a yi mata ganga ba. Ita ce ta ce duk abin da ke bayan iyakar jihohi na tarayya ne ita kaɗai: ministan filaye ke ba da haya, kuɗi baitulmalin ƙasa yake shiga, jiha ba ta da ikon karɓar ko haraji. A Oktoba 1954 aka yi gwanjon farko a gaban gaɓar Luwisiyana. Daga nan injinan haƙa suka yi ta matsawa cikin zurfi shekara bayan shekara, har ya zama mafi yawan man da Amurka ke ɗiba daga teku a ruwan tarayya yake fitowa. Jihohi sun ci gardamar da suka yi shekara takwas suna yi, tarayya ta tafi da inda man yake.

Maganar lig uku ta koma kotu, aka yanke ta a ƙarshen Mayu 1960. Tekzas ta samu, bisa dokar 1836. Fulorida ma ta samu ta ɓangaren mashigin, saboda tsarin mulkinta na 1868 ya ambaci lig uku kuma majalisar tarayya ta amince da shi lokacin da aka mai da jihar cikin tarayya bayan yaƙin basasa. Luwisiyana ta kawo dokar da ta shigar da ita tarayya a 1812, wadda ta ambaci duk tsibiran da ke cikin lig uku daga gaɓa. Kotu ta ce tsibirai aka ba ta, ba ruwan da ke kewaye da su ba. Ita da Misisipi da Alabama suka tashi da mil uku. Jihar da ta fi kowa mai a gabanta ita ta fi kowa asara, ta leƙo ta koma. Sai a 1986 aka yarda a ba jihohi kashi 27 cikin ɗari na kuɗin da ke fitowa daga mil uku na farko bayan iyakarsu. Sai kuma a 2006, bayan guguwar Katrina ta ragargaza New Orleans, majalisa ta ba jihohi huɗu na mashigin kashi 37.5 daga wasu rijiyoyi, shi ma da ƙayyadadden adadin da ba a wucewa a shekara. Adadin da Perez ya raina ke nan, bayan fiye da rabin ƙarni, kuma jiha huɗu ke raba shi.

Ko da aka san mil nawa ne, sai aka shiga gardamar daga ina za a fara awo. Gaɓar Luwisiyana laka ce da tsibirai masu ɓacewa suna fitowa, kowane lungu aka ja layi a bakinsa miliyoyin daloli ne. Mafi ban dariya a cikin waɗannan ƙararraki ita ce ta Alaska. Akwai wani tulin tsakuwa da ƙanƙara a tekun arewacin jihar, kusa da filin mai na Prudhoe Bay, ana ce masa Dinkum Sands. In tsibiri ne, Alaska na da mil uku kewaye da shi. Aka tura masu awo, suka tarar wani lokaci yana sama da ruwa, sau da yawa kuma ruwa ya shanye shi. A 1997 Kotun Ƙoli ta ce ba tsibiri ba ne. Jihohin gaɓar Atilantika kuma, da suka kawo takardun da sarakunan Ingila suka ba kakanninsu, an sallame su tun 1975.

Wasu ƙasashe masu tsarin tarayya sun bi wannan hanya kusan sawu a kan sawu. Kotun Ƙolin Kanada ta ba gwamnatin tsakiya gaskiya a 1967 da 1984, amma a 1985 aka ƙulla yarjejeniyar da ta bar wa lardin Newfoundland kuɗin man da ke gabansa. Babbar kotun Ostireliya ta yi irin wannan hukunci a 1975, kafin shekara biyar 'yan siyasa suka mayar wa jihohi mil uku.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan labari, ko da yake akwai bambanci babba. A nan tsarin mulki ya riga ya ce duk ma'adinai na tarayya ne, a tudu ko a teku, don haka gardamar ta kaso ce: shin man da aka haƙo a teku ana lissafa shi a matsayin wanda ya fito daga jihar da ke kallonsa? Tsarin mulkin 1963 ya ce e, ya ɗauki ƙasan tekun da ke gaban kowane yanki a matsayin ɓangarensa wajen rabon kashi 50. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta soke wannan da dokar soja a 1971. Da tsarin mulkin 1999 ya kawo kashi 13 ga jihohin da arziki ke fitowa daga cikinsu, sai gwamnatin Obasanjo, ta hannun ministan shari'a Bola Ige, ta kai jihohi 36 Kotun Ƙoli a 2001. Ranar 5 ga Afrilu 2002, ƙarƙashin Babban Joji Muhammadu Lawal Uwais, kotu ta ce iyakar jihohin gaɓa takwas tana tsayawa ne inda ruwa ke tsayawa in ya janye, layin nan dai da Hugo Black ya ja wa Kalifoniya.

Akwa Ibom, wadda kusan duk manta a teku yake, ta wayi gari kamar ba jihar mai ba. Nan ma siyasa ta gyara abin da kotu ta yanke. Bayan ja-in-ja tsakanin shugaban ƙasa da majalisa kan inda za a sa layi, aka yi dokar 2004, wadda ta ce duk man da aka haƙo a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba, a lissafa shi na jihar da ke gabansa wajen rabon kashi 13. Jihohin Arewa 19 da uku daga Kudu maso Yamma suka garzaya kotu suna cewa an sauya iyakokin jihohi ta bayan gida, kuma an rage abin da kowa ke samu daga asusun tarayya, kusan hujjar da Truman ya kafa a 1952. A Disamba 2005 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce rabon kuɗi dokar ta taɓa, ba iyaka ba. Wata guda kafin wannan hukunci filin Bonga na kamfanin Shell ya fara ba da mai, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. Erha ya biyo baya a 2006, Agbami a 2008, dukkansu can bayan layin mita 200, inda babu jihar da ke karɓar kashi 13.